Juliyas Kaisar: Jagoran Rumawa da farfaɗiya ta kama bayan ya haura shekara 50

Duk wanda ya ambaci watan Yuli ya ambaci Juliyas Kaisar, domin daga sunansa aka raɗa wa watan suna. Haka kalmar Kaisar da aka sani a littattafan tarihi a matsayin sarautar Rumawa, asalinta sunan gidansu ne, daga baya sarakunan da suka gaje shi suka mayar da ita laƙabi.

An san shi da yaƙi da siyasa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne larurar da ta same shi a shekarunsa na ƙarshe. Marubutan tarihin Rum sun ce ya riƙa fama da ciwon kai da suma da farfaɗiya, kuma akwai inda suka nuna cewa ciwon ya shiga har cikin rigimar da ta kai ga kashe shi.

Likitoci na komawa ga labarinsa har yau, saboda tambayar da yake tayarwa tana zuwa musu asibiti kullum: me ke sa mutumin da bai taɓa farfaɗiya ba ya fara ta da girmansa?

Tasowarsa

An haifi Gaius Julius Caesar a birnin Rum cikin shekara ta 100 kafin Miladiyya. A irin wannan lissafi shekaru raguwa suke yi, wato shekara ta 99 ce ke bin ta 100.

Gidansu tsohon gida ne mai asali, har suna da'awar cewa sun fito daga tsatson wata abar bautarsu mai suna Venus. Sai dai a lokacin da aka haife shi ba su cikin manyan masu kuɗi ko masu faɗa a ji. Ya tashi a unguwar Subura, inda talakawa suka fi yawa.

Yana ɗan shekara 15 zuwa 16 mahaifinsa ya rasu. Marubuci Pliny Babba ya ce mutuwar fuju'a ce, a garin Pisa, da safe yana cikin sa takalmi. Ya ƙara da cewa wani daga cikin magabatan gidan ma haka ya mutu a Rum. Wannan bayani ya zama abin dubawa ga likitocin da suka yi nazarin lafiyar ɗansa bayan shekara dubu biyu.

Kaisar ya shiga haɗari tun yana saurayi. Gwaggonsa Julia ce matar Marius, babban kwamandan da ke jagorantar ɓangaren talakawa, shi kuma ya auri Cornelia 'yar Cinna, abokin tafiyar Marius. Da abokin gabarsu Sulla ya ƙwace mulki, sai ya umarce shi ya saki matar. Ya ƙi. Aka ƙwace gadonsa da sadakin matarsa, ya shiga ɓuya, sai da dangin mahaifiyarsa Aurelia suka sa baki aka ƙyale shi.

Daga nan ya tafi aikin soja a gabas, ya samu lambar jarumta a yaƙin Mytilene. A wajajen shekara ta 75, 'yan fashin teku suka kama shi a kan hanyarsa ta zuwa tsibirin Rhodes karatu. Sun nemi fansa, ya ce sun raina darajarsa, ya sa suka ninka kuɗin fiye da sau biyu. Da aka sake shi, ya tara jiragen ruwa ya kamo su, ya sa aka gicciye su.

Hawansa mulki

A Jamhuriyar Rum muƙami hawa-hawa ne, kuma Kaisar ya taka matakan ɗaya bayan ɗaya, da bashi mai yawa a wuyansa. Ya yi aiki a Sifaniya a shekara ta 69. A shekara ta 63 aka zaɓe shi shugaban malaman addinin Rum. Ya koma Sifaniya a matsayin gwamna a shekara ta 61.

A shekara ta 59 ya zama ɗaya daga cikin shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara su jagoranci ƙasar. Ya kai ga haka ne da goyon bayan Pompey, kwamandan da ya fi kowa suna a lokacin, da Crassus, attajirin da ya fi kowa kuɗi. Don ƙulla zumuncin, ya aurar wa Pompey 'yarsa Julia.

Daga shekara ta 58 zuwa ta 50 ya yi yaƙi a ƙasar Gaul, wadda ta haɗa da Faransa da Beljiyam na yau. Ya kafa gadar katako a kan kogin Rhine, ya tsallaka teku zuwa Birtaniya sau biyu, a 55 da 54. A shekara ta 52 ya yi wa Vercingetorix ƙawanya a Alesia har ya miƙa wuya. An kashe mutane da yawan gaske a waɗannan yaƙe-yaƙe, aka sayar da wasu bayi, kuma da ganimar ya biya basussukansa ya sayi magoya baya.

Duk tsawon wannan lokaci an san shi da ƙarfin jiki. Suetonius ya ce yakan tafi a gaban rundunarsa, sau da yawa a ƙafa, kansa a buɗe cikin rana ko ruwan sama. Ko maƙiyansa sun yarda cewa ba mashayin giya ba ne. Plutarch ya ce yakan shifta wa magatakarda wasiƙu yana bisa doki.

Yaƙin basasa da farkon ciwo

Ƙawancen mutum ukun ya watse. Julia ta rasu wajen haihuwa a shekara ta 54, aka kashe Crassus a yaƙi da Farisawan Parthia a 53, Pompey kuma ya koma ɓangaren majalisar dattawa. Majalisa ta umarci Kaisar ya ajiye rundunarsa. A watan Janairun shekara ta 49 ya ƙetare rafin Rubicon da sojoji ya shiga Italiya, abin da doka ta hana. Yaƙin basasa ya ɓarke.

Ya ci Pompey da yaƙi a Pharsalus ta ƙasar Girka a watan Agustan 48. Pompey ya gudu Masar, aka kashe shi yana sauka daga jirgi. Kaisar ya bi sawunsa, ya tsinci kansa cikin rikicin sarautar Masar, ya goyi bayan Cleopatra. A faɗan da aka yi a tashar jiragen Iskandariyya, sai da ya faɗa ruwa ya yi iyo don tsira, yana riƙe da takardu sama da hannu ɗaya. Yana da shekara 52 a lokacin.

A cikin waɗannan shekaru ne maganar ciwo ke fitowa. Plutarch ya siffanta shi da siriri, fari, mai fama da ciwon kai da farfaɗiya, ya ce an ba da labarin cewa a garin Corduba na Sifaniya ta fara kama shi. Masu bincike da yawa na danganta hakan da zuwansa Sifaniya lokacin yaƙin basasa, inda ya je a shekara ta 49, ya sake komawa a ƙarshen 46. Suetonius ya ce lafiyarsa ƙalau take sai a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ya fara suma ba zato da firgita cikin barci, kuma farfaɗiya ta kama shi sau biyu yana cikin aiki.

A ƙa'idar Rumawa, namiji na fita daga sahun matasan mayaƙa ne a shekara 46, ya shiga sahun manya. Kaisar ya riga ya wuce wannan iyaka.

Labarin da ya fi fitowa fili shi ne na yaƙin Thapsus, a gaɓar tekun Tunisiya ta yau, cikin watan Afrilun shekara ta 46. Plutarch ya kawo ruwayar da ke cewa yana cikin jera sojoji sai ya ji alamar ciwon na zuwa. Kafin hankalinsa ya gushe, aka ɗauke shi zuwa wata hasumiya da ke kusa, ya kwanta a can har aka gama yaƙin. Wani hafsan da ya rubuta tarihin yaƙin daga ɓangaren Kaisar bai ambaci ciwo ba. Ya ce dai sojoji sun afka wa abokan gaba tun kafin a ba su umarni, daga baya kuma suka karkashe waɗanda suka miƙa wuya duk da roƙon da Kaisar ya yi musu.

Shi kansa Kaisar bai taɓa ambaton ciwon a littattafan da ya rubuta kan yaƙe-yaƙensa ba. Plutarch da Suetonius kuwa sun yi rubutunsu ne fiye da shekara 100 bayan mutuwarsa, daga abin da magabata suka bari.

Yadda Rumawa ke kallon farfaɗiya

Shirun da ya yi ba abin mamaki ba ne. Rumawa na kiran farfaɗiya ciwon taron jama'a, saboda idan ta kama wani ana cikin taron zaɓe ko na kafa doka, sai a ɗauke ta a matsayin mugun nuni a watse. Mutane kan tofar da yawu idan sun ga mai ita, don kada ta kama su. Pliny ya ba da labarin masu shan jinin 'yan wasan takobi da aka kashe a fili, da sunan magani.

Girkawa kuma suna ce mata ciwo mai tsarki, wai daga gumakansu take. Amma tun wajajen shekara ta 400 kafin Miladiyya, wani littafi da ake jingina wa likita Hippocrates ya musanta haka, ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Binciken zamani ya tabbatar da wannan magana. Duk da haka, har yau a wurare da dama, har da ƙasar Hausa, akan danganta farfaɗiya da iskoki, a kuma guji yawun mai ita, alhali ba a ɗaukarta daga wani.

Ranar da ya ƙi miƙewa

Bayan nasararsa ta ƙarshe a Munda ta Sifaniya a watan Maris na 45, Kaisar ya zama shi kaɗai ke juya ƙasar. Ya yafe wa da yawa daga cikin waɗanda suka yaƙe shi, har da Brutus da Cassius. Ya raba wa tsofaffin sojoji filaye, ya faɗaɗa majalisa. Ya gyara kalanda da taimakon masanin taurari Sosigenes, aka mayar da shekara kwana 365 da ƙarin kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Ita ce tushen kalandar Miladiyya da ake amfani da ita yanzu, bayan gyaran da aka yi mata a 1582.

Sai dai 'yan majalisa na zargin yana neman zama sarki, kalmar da Rumawa suka tsana tun da suka kori sarkinsu na ƙarshe kusan shekara 460 kafin nan.

Wata rana 'yan majalisa suka taho gaba ɗaya don sanar da shi sabbin karramawar da suka amince a yi masa. Ya karɓe su a zaune, bai miƙe ba. Suetonius ya ce wannan ne ya fi komai jawo masa ƙiyayya.

Plutarch ya ce daga baya Kaisar ya kafa hujja da ciwonsa, cewa masu irin larurar kan ji jiri su fita hayyacinsu idan suka tsaya a gaban taro. Shi Plutarch bai gamsu da uzurin ba, ya ce Kaisar ya so miƙewa wani na kusa da shi mai suna Balbus ya hana shi. Wani marubucin, Cassius Dio, ya ce magoya bayansa sun ɗora laifin a kan ciwon ciki, amma mutane ba su yarda ba da suka ga ya taka da ƙafarsa ya koma gida.

Ko wace ruwaya ce daidai, an fassara zamansa da girman kai. A farkon shekara ta 44 aka naɗa shi mai cikakken iko har iyakar rayuwarsa. A tsakiyar Fabrairu, wajen wani biki, Mark Antony ya miƙa masa kambin sarauta a bainar jama'a, ya ƙi karɓa, amma zargin bai kwanta ba.

Yana shirin fita yaƙi da Parthia ranar 18 ga Maris. Appian ya ce cikin dalilan da ake bayarwa har da neman sauƙin farfaɗiyar, wadda ta fi taso masa idan yana zaune ba ya aikin komai. Ya kuma sallami masu tsaronsa 'yan Sifaniya. Suetonius ya ce wasu na kusa da shi sun yi zaton raunin lafiya ne ya sa ya daina damuwa da tsaron ransa.

Ranar 15 ga Maris ya tashi ba ya jin daɗin jikinsa, matarsa Calpurnia kuma ta yi mugun mafarki ta roƙe shi ya zauna a gida. Har ya yi niyyar ɗage zaman majalisa, sai Decimus Brutus, amininsa wanda ke cikin maƙarƙashiyar, ya lallashe shi ya fito. A zauren da Pompey ya gina, 'yan majalisar suka kewaye shi da wuƙaƙe. An ce mutum kusan 60 ke cikin shirin. An sare shi wuri 23, kuma likita Antistius da ya duba gawar ya ce sara ɗaya ne kawai, na ƙirji, mai kisa. Ya mutu yana da shekara 55.

Kisan bai ceto jamhuriyar ba. Wani yaƙin basasar ya biyo baya, kuma jikan 'yar'uwarsa Octavian, wanda ya ɗauka ɗa a wasiyyarsa, shi ya zama Augustus, sarkin daular Rum na farko.

Me ya same shi?

An ƙona gawar Kaisar kamar yadda al'adarsu take, don haka abin da likitoci ke da shi a hannu shi ne waɗannan ruwayoyi. Sun fitar da ra'ayoyi daban-daban.

Wasu sun ce farfaɗiyar gado ce, suna nuni da cewa an ruwaito irinta ga wasu daga zuriyar gidan, kamar sarki Caligula yana yaro. Wasu sun ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, saboda ciwon kan da canjin halin da aka ce an gani. Akwai masu cewa ƙwan tsutsar ciki da ake dangantawa da alade ne ya kai ga ƙwaƙwalwarsa, cutar da har yau take cikin manyan dalilan farfaɗiya a wasu ƙasashe masu tasowa. An kuma ambaci zazzaɓin cizon sauro da ciwon cikin kunne mai sa jiri.

A shekarar 2015, likitoci biyu na jami'ar Imperial College da ke Landan, Francesco Galassi da Hutan Ashrafian, suka ce alamomin sun fi kama da ƙananan toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, wato ƙanin ciwon shanyewar ɓarin jiki. Cikin hujjojinsu akwai shekarunsa, da jirin, da faɗuwar, da kuma mutuwar fuju'ar mahaifinsa da wancan magabacin nasa, wadda ke iya nuna ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini a gidan.

Wannan ra'ayi bai kore farfaɗiya ba. Idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, wurin kan bar tabo, kuma tabon na iya zama inda saƙonnin lantarkin ƙwaƙwalwa ke hargitsewa su haifar da jijjiga, wani lokaci bayan watanni ko shekaru.

Abin da likitoci suka sani yau

Mutane da yawa na ɗauka farfaɗiya ciwon yara ce. Bincike ya nuna cewa sabon kamu ya fi yawa a rukuni biyu, ƙananan yara da kuma waɗanda suka haura 60 zuwa 65, kuma a ƙasashen da mutane ke daɗewa a duniya tsofaffi ne ke kan gaba.

A wajen dattawa, babban dalilin da ake ganowa shi ne ciwon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga da shan taba ke share wa hanya. Sai ciwon mantuwa irin na Alzheimer, da ƙari, da buguwa a kai. Akwai kuma jijjigar da wani abu na ɗan lokaci ke jawowa, kamar faɗuwar suga ko gishirin jini, ko cutar sanƙarau, ko wasu magunguna, ko daina shan giya farat ɗaya. Irin wannan takan wuce idan an magance sanadin. Likita kan ce mutum na da cutar farfaɗiya ne idan ta kama shi sau biyu ba tare da irin wannan sanadi ba, da tazarar fiye da awa 24, ko sau ɗaya idan gwaji ya nuna akwai yiwuwar ta dawo sosai.

Ta tsofaffi ba ta cika zuwa da faɗuwa da kumfar baki ba. Sau da yawa dattijo zai ƙura ido ya yi shiru, ko ya riƙa motsa baki ko murza tufafi, ko ya rikice na wasu mintuna bai san abin da ya faru ba. Ruɗewar da ke biyo baya na iya kai awanni ko kwanaki. Shi ya sa iyali kan ɗauka tsufa ne ko mantuwa, a daɗe ba a je asibiti ba.

Jinkirin na da haɗari. Dattijon da ya fara farfaɗiya ya fi sa'o'insa yiwuwar samun shanyewar ɓarin jiki nan gaba, don haka likitoci ke ɗaukar ta a matsayin gargaɗi. Akan yi gwajin jini, da hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI, da awon lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, da na bugun zuciya, domin ciwon zuciya ma na sa suma mai kama da farfaɗiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da jijjigar idan suka samu maganin da ya dace. Tsofaffi kan samu sauƙi da magani kaɗan, amma sai an kula, domin yana iya cin karo da na hawan jini ko na tsinka jini da suke sha.

Idan ta kama mutum a gabanka, ka kawar da abin da zai ji masa rauni, ka sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ka juya shi ya kwanta a gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko magani sai ya farfaɗo sarai. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko kuma wannan ne karo na farko, a garzaya da shi asibiti.

A zamanin Kaisar babu ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje. Abin da Plutarch ya ce ya riƙa yi wa kansa magani da shi shi ne doguwar tafiya, da cin abinci kaɗan, da kwana a fili. Da wannan ciwo a jikinsa ya ci yaƙin Thapsus da na Munda, ya gyara kalanda, ya kuma riƙe ragamar Rum har ranar da aka kashe shi.